Gwangwani Uku da Nata'ala Maimajigi Ya Bari

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, sha biyu ga watan Fabrairu, 1980, da hantsi, ina tsaye gaban allo a makarantar firamare ta Mairuwa, sai wani direban motar auduga da ya fito daga Sabuwa ya leƙo ta taga, ya ce da ni Malam Nata'ala Maimajigi ya rasu da asuba, bayan jinyar kwana tara. Ba zan ɓoye ba, Nata'ala, abin da ya fara zuwa raina shi ne wata dabararka ce, ka turo a gwada ni ka ga ko zan zo. Haka Allah ya yi ni, kai ma ka sani, ko ruwa aka ba ni sai na leƙa ƙasan kwano. Sai da na ga idon direban ya kaɗa ya yi ja, sannan na ajiye alli. Ko da na isa Sabuwa an riga an kai ka makwancinka.

Daga Ƙanƙara zuwa Faskari zuwa Sabuwa, babu ƙauyen da bai san ƙarar motarka ba. Ofishinku na gwamnati majigin takin zamani da na rigakafi ya ɗora maka, abin da zai sa mutum hamma, amma da ka kafa farin ƙyallen nan ka ɗauki lasifika, sai ka raɗa wa kowane mutum da ya fito a hoton sunan wani ɗan garin, har mai gari ba ka bari. Mutane su yi ta dariya, su koma gida sun san yadda ake zuba taki. Akwai wata tsohuwa makauniya a Ketare da kullum sai ka sa an shimfiɗa mata tabarma kusa da kai, kana gaya mata launin rigar kowa. Ranar da naƙuda ta zo wa wata mata da gardama a Pauwa, ka naɗe majigin ana tsakiyar kallo, ka shimfiɗa mata ƙyallen nan a bayan mota ka kai ta asibiti. Ko a lokacin cewa na yi don a ce ka yi ne. Allah ya yafe mini.

Ni Maharazu, matata Zulaihatu ta rasu a 1973, na kuwa shiga ɗaki na rufe. Daga makaranta sai masallaci, daga masallaci sai ɗaki. 'Yan'uwa suka yi faɗa, suka yi lallashi, suka gaji suka bar ni. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, 1975, kowa ya sayo rediyo ko babur, kai kuwa ka dawo daga Kano da tsohuwar kyamarar ɗaukar fim, irin wadda ake wanawa kamar agogo. Damina na faɗuwa ka yi mini sallama, ka ce za ka yi fim namu na kanmu, kuma duk ƙasar nan babu mai haddace magana kamar malamin makaranta. Na dube ka sama da ƙasa na ce, "To, kai mi za ka ci a ciki?" Ka yi dariya har da riƙe ciki, na kuwa riƙe wannan a raina.

Sunan fim ɗin Akuyar Indo. Labarin wani manomi ne, Ɗanjuma, da matarsa ta rasu, da wata bazawara, Indo, da mijinta ya rasu, gonakinsu na haɗe. Akuyarta ta cinye masa dawa, su yi ta rigima har gaban mai gari, ƙarshe rigimar ta zama aure. Ni ne Ɗanjuma. Indo kuwa Suwaibatu ce, mutuniyar Ketare, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda ta dawo Mairuwa gidan wanta Gide bayan mota ta faɗi da mijinta a hanyar Funtuwa. Gide ne ya ba da aron akuya, kuma kullum yana zaune a gindin ɗorawa yana tsaron ƙanwarsa da akuyarsa. Sai daga baya na ji ashe Suwaibatu ɗiyar ƙanwar mahaifiyar matarka Talatu ce. Wannan ma na riƙe shi.

Mako bakwai muka yi, Asabar da Lahadi, a wata gona bayan gari, mutanen ƙauyuka sun yi mana da'ira, wasu har kan itatuwa. Akuyar nan ta ƙi taɓa dawa ko da an tura bakinta, amma ta cinye takardar da na rubuta maganata, ta kama gefen rigata. Kai kuwa ido a jikin kyamara, tana ta tarrr, kana cewa a sake. Wurin rigimar nan mun sake shi ya fi sau goma, har muka bar abin da ka koya mana muka koma faɗan gaske. Ta ce da ni mai fuskar shanu, na ce ƙuli-ƙulinta sai an sa guduma. Ranar na koma gida, ina alwala na ji ni ina dariya ni kaɗai, abin da rabona da shi shekara biyu.

Sai ranar da muka zo wurin da Indo za ta tambayi Ɗanjuma dalilin da ya bar yakuwa a kan iyakar gonarsa ba ya tsinka. Abin da zan ce kawai shi ne matata Kulu ce ta shuka, wato marigayiyar Ɗanjuma a fim ɗin. Da na buɗe baki sai sunan Zulaihatu ya fito, na durƙusa cikin kunya ina kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne ta. Suwaibatu ta tsuguna nesa kaɗan, ta faɗi abin da babu shi a takarda: "Ni ma, Malam, takalmanshi na nan bakin ƙofa, har yau ban iya ɗauke su ba." Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar kyamararka. Da kaka aka ɗaura mana aure ni da Suwaibatu, kai ne ka karɓa mini.

Daga nan ne shaiɗan ya sami wurin zama a ƙirjina. Na tambaye ka fim, ka ce an kai shi wanki ƙasar waje. Wata shida, ka ce jirgin ruwa bai iso ba. Shekara ta zagayo, ka ce ruwan wankin ne ya ƙare. Ana haka na je Pauwa gaisuwa, wani mutum da ban taɓa gani ba ya ɗaga murya ya ce, "Ɗanjuma mai akuya!" Wani a gefensa ya sa hannun riga yana kwaikwayon share hawaye. Nan take na yanke hukunci. Fim ya dawo tuni, kana yawo da shi ƙauyukan nesa, kana nuna kukana a kan ƙyalle, kana ƙara masa gishiri a lasifika yadda ka saba, ana dariya da sunan Zulaihatu a bakina.

Sau uku na bi motarka a keke, na naɗa rawani na saje cikin 'yan kallo. Ban ga komai ba sai taki da allura. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce wani ne ke tsegunta maka zuwana, har na fara zargin Gide. Da na tare ka gaba da gaba, ka rantse babu mahalukin da ya taɓa ganin fim ɗin nan. Na ce a raina ai mai lasifika ba ya rasa yadda zai juya rantsuwa.

Ranar sunan ɗanmu Abdulƙarim, a 1978, ka zo da ƙwaryar goro da turmin atamfa na maijego. A gaban limamai da dattawa na ce maka, "Yau kuma wane kuka ka zo ɗauka ka kai ma mutanen Pauwa?" Na ga fuskarka ta canza. Ka miƙa wa Gide kayan, ka ce, "Allah shi raya, shi albarkaci rayuwatai," ka juya ka shiga mota. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da kai. Na ji labarin ciwonka tun kwana na biyu, na ce sai na ga ko da gaske ne.

Ranar addu'ar uku, bayan jama'a sun watse, babban ɗanka Lawwali ya ce mahaifiyarsa na son magana da ni a zaure. Talatu tana daga bayan ƙofa, ta turo mini akwatin ƙarfe. A ciki ga kyamarar, ga gwangwanin fim guda uku masu faɗi, kowanne da liƙin kamfani a bakinsa. Ta ce, "Malam, ya ce in ya cika a ba ka. Shi fa bai taɓa sa komi cikin injin nan ba. Cewa ya yi ba fim shike nema ba, so shike ka fito daga ɗaki. Ya ce in ka sani za ka ce an yi maka wayo, ka huce a kan Suwaiba, gara ka huce a kanshi."

Ka san halina, ban yarda ba. Washegari na hau mota da gwangwanayen nan har Funtuwa, wurin wani mai hoto da ake kira Rabo. Ya juya su, ya duba liƙin, ya ce tun da aka rufe su a kamfani ba a buɗe ba, ko haske bai taɓa ganin abin da ke ciki ba. A hanyar dawowa ne na tuna mutanen da ke hawa itatuwa suna kallonmu a gona. Mutumin Pauwa da idonsa ya ga kukana, ba a kan ƙyallenka ba. Shekara biyar ina auna kowace kalmarka, ban taɓa tunanin wannan ba.

Na iske Suwaibatu a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na zayyana mata komai, ina jiran ta zabura. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ai tun ranar farko na sani. Gabana ya buɗe cikin kyamarar zai sa mata mai, wayam." Na ce to me ya sa ta yi mako bakwai tana shan rana a gaban injin da babu komai cikinsa, kuma me ya sa ta bar ni na ci mutuncinka? Ta ce kai ka ɗaure ta da alkawari, ta roƙe ka sau da yawa ka sake ta ka ƙi. Sannan ta ajiye faifan ta dube ni ta ce, "Ni fa, Malam, ba don fim nike zuwa ba."

Nata'ala, ka ɗauki zargina shekara da shekaru a kanka don kada ya faɗa cikin gidana, ni kuwa na kasa hawa keke in je in gaishe ka kana kwance. Kunya nake ji, kuma baƙin cikin wannan ba zai bar ni ba. Lawwali ya ce ka yafe wa kowa kafin ka cika. Ina so in tambaye shi ko ka ambaci sunana, amma na hana kaina. Wannan karon zan yarda ba tare da na bincika ba.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Nata'ala, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya rufa asirin hawayena, ka rufa masa asiri ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Talatu, da Lawwali da ƙannensa, da mutanen Sabuwa, da duk ƙauyen da zai jira ƙarar motar nan bai ji ba. Allah ya ba ku haƙuri, ku kuma yafe mini abin da na yi masa. Gwangwanayen suna nan wurina, ba zan buɗe su ba. Idan Abdulƙarim ya yi wayo zan nuna masa su, in gaya masa sunan mutumin da ubansa ya kora ranar sunansa. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, amin.