Gishirin da ya ci min haƙori

Masu tambayar inda na baro haƙorina na sama, ga amsa: gishiri ne ya cinye shi.

Lokacin ina acaɓa a Kazaure da mashin ɗin kawuna na Roni, wanda ya rantse ko madubi na fasa sai na koma gona. Wata safiya da damina wasu ɗalibai masu karatun kimiyya suka aike ni tasha in karɓo musu saƙo daga Kano. 'Yar kwalba ce, da wani gishiri a ciki mai suna kamar zagi, wai niyodimiyam kulorayid. Na ɗaga ta a rana, launin shunayya, kyakkyawa kamar kwalliyar amarya.

Na kai musu ɗakin gwaji, ba taga, sai dogon ƙwan lantarki. Babbansu, wani dogo mai gilashi, ya duba kwalba, ya duba hoton da aka turo masa a waya.

"Kai, ina kayanmu? Wannan ruwan ɗorawa ne!"

Na leƙa. Wallahi ya koma ɗorawa-ɗorawa. Na ce, "Yallaɓai, ƙila jijjigar hanya ce ta sa shi zazzaɓi."

Marin da ya sauke min sai da na ji kiran sallar Babura. Wani ya shaƙe ni ta baya, wani ya kwaɗa min kujerar ƙarfe a baki. Na tofa jini, na ga haƙori a ciki.

"Ɓarawo! Ka sayar, ka zuba mana kanwa!"

Suka ja ni waje da ƙafa. Dogon ya fizge makulli, ya kwantar da mashin, ya cire tiyon mai, yana neman ashana. Nan na daina wasa. Na kama ƙafarsa na gantsara masa cizo da sauran haƙoran. 'Yan acaɓar bakin ƙofar makarantar suka rugo cetona da duwatsu da sarƙa. Kan wani ya fashe, gilashin dogon ya tashi, wani yana ihun a ƙone mashin.

Mai riƙe da kwalba ne ya yi ƙara: "Ku tsaya! Ya dawo!"

A rana, ga shi shunayya sak. Bai rufe baki ba dutse ya same shi a hannu, kwalba ta tarwatse.

Malaminsu ya iso yana haki. Ya ce haka gishirin yake, launinsa na bin irin hasken da ya same shi, ya kuma faɗa musu a aji, suna barci. Suka durƙusa kwashewa, amma ƙasa jiƙe take, abin kuma mayen ruwa ne, ya narke a yatsunsu.

Na ɗaga mashin. Mai ya zube, madubi lafiya. Na tura shi har gida, baki a kumbure. Kawu ya zagaya shi sau biyu, ya shafa tanki, sannan ya dube ni.

"Kai kuma wa ya taɓa ka?"