Shekarar da Kaka Ta Daina Mafarki

Matso kusa ka ji wata magana da ta daɗe a raina. Jiya mai tallan nono ta shigo gidanmu, tana buɗe ƙwarya ƙanshin nan mai ɗan tsami ya bugi hancina, sai ga ni a ƙauyenmu can wajen Sule Tankarkar, zaune a bakin ɗakin kakata, uwar babanmu.

Mace ce mai mafarki. Kowace safiya in ta idar da lazimi, mu jikoki mu kewaye ta da kokonmu, ta fara. Yau ta ga marigayi kakanmu yana huɗa sanye da rigar Sallah. Gobe ta ga rijiyar gari ta cika har awaki na sha daga baki. Mai kyau kawai take faɗa, mummuna kuwa ta tofa a hagunta ta yi shiru. Yayana yakan tsokane ta: "Tsohuwa, ni ba ki gan ni da mota ba?" Ta ce, "Mijin banza, na gan ka mana, jaki ne ya kayar da kai."

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Wake bai yi ba, gyaɗa ma haka. Filani suka kora shanunsu kudu tun da wuri, nono ya yi wuya. Babanmu ya riƙa ɗauko masara daga kasuwar Maigatari. Tuwon masara da dare, ɗumame da safe, miyar kuka tsululu. In an samu ɗan nama ko ludayin nono, Kaka ake fara miƙa wa don ita ce babba. Ita kuma ta ɗan taɓa a baki ta ce, "Na ƙoshi," ta turo mana. Haka tsofaffinmu suke, babba ba ya lashe kwano yara na kallo.

Mafarkin ne ya fara tafiya. Mu zauna jira, ta yi ta murza goshi, ta ce, "Na yi shi fa, yanzun nan ya kuɓuce mini." Mu yi dariya. Innarmu ma cewa ta yi alhamdu lillahi, tsohuwa ta fara samun barci mai nauyi.

Da bazara ta kama, bayan hannunta ya yi baƙi yana tsattsagewa, wuyanta ya yi wani zobe kamar an naɗa mata baƙin ƙyalle. Aka ce rana ce, aka shafa man kaɗanya. Harshenta ya yi ja, cikinta ya riƙa gudu. Ta fara kuka ba dalili. Wata rana ta kama hannuna ta ce, "'Yar wa ce ke? Koma gida kar a neme ki." Ni da nake kwana a bayanta.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi sadaka. Daga ƙarshe manya suka ce gigin tsufa ne. Kalmar nan in ta fito magana ta ƙare, don ba a kai gigin tsufa asibiti, haƙuri ake yi da shi. Ba ta ga sabon gero ba.

Sai da na yi aure a Gumel, na je awon ciki, malamar asibiti ta ɗaga mana wani hoto: wuya mai zoben nan sak. Ta ce ciwo ne na wanda ya daɗe a kan masara zalla, ba wake, ba gyaɗa, ba nono. Yana taɓa fata, ya taɓa ciki, ya taɓa hankali, kuma yana warkewa in an gane da wuri. Na ce, mafarki fa? Ta ce wannan ba za ta rantse ba, amma dai ƙwaƙwalwa ma ci take yi, in ta rasa sai ta fara zubar da abin da ta riƙe. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na gane.

Yanzu innarmu ce a hannuna. Ta fara neman carbinta alhali yana wuyanta. Nakan dafa mata ƙwai in kai ɗaki in saki labule, kafin in juya ta ƙwala wa autana kira. Na ce, "Inna, don Allah, magani ne fa." Ta ce, "Ke, so kike yaro ya tashi yana cewa kakarsa ta ci ƙwai ta hana shi?" Ta ɓare, ta sa masa a hannu, tana murmushi.

To kai da kake saurarona, in mahaifiyarka ce, hannunta za ka riƙe, ko na yaron za ka buɗe ka ƙwace?