Wietske da Makullin Keken Sjoukje

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma ba ta Gizo ba ce. Wadda zan ba ku labarinta tana nan da ranta, jiya ma mun haɗu wajen mai burodi.

Wietske Postma nake nufi, mai gashin ƙashi ta ƙauyenmu. Da sassafe, ko ana ruwa ko iskar teku na kaɗawa, za ka ga kekenta jingine a ƙofar wani gida. Ba ta taɓa jikin mutum sai ta ɗumama hannunta da kofin shayi. Watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

Maƙwabciyata Sjoukje ta haura saba'in. Ciwon kai ya sa ta gaba, ɓari guda, daga ƙeya har bayan ido. Wuya ya sandare, in za ta dubi gefe sai ta juyo gaba ɗayanta kamar ƙyaure. Ran nan ta karya kwana a keke ba ta waiwaya ba, saura ƙiris motar madara ta kwashe ta. Ɗanta Douwe, mai kiranta Mem, wato Mama, ya kulle keken, ya jefa makullin a aljihu.

"Mem, ke da keke kun yi sallama."

"Ni na koya maka hawansa, marar kunya!"

Keken nan kuwa shi ke kai ta gidan tsofaffi na ƙauyen gaba, inda mijinta Auke yake. Auke ya manta sunan kowa, amma in Sjoukje ba ta zo ba, ba ya cin abinci.

Likita ya duba ta, ya tura ta wurin Wietske, ni na raka ta. Wietske ta danna wani wuri a ƙasan ƙeyarta.

"Wayyo, shi ne! Ga shi nan har ido!"

"To ba kan ne da laifi ba, wuyan ne. Zauna yadda kike zama in kina saƙa."

Sjoukje ta zauna, haɓa a gaba, kafaɗu a dunƙule.

"Kunkuru ma ya fi ki iya zama. Ja haɓar baya har ta zama biyu."

"Shekara nawa ina ɓoye ta biyun, yanzu ki ce in fito da ita?"

Haka suka yi ta yi, ana tausa, ana juya wuya kaɗan-kaɗan. Da ciwon ya ɗan lafa, Sjoukje ta ce, "'Yar nan, gaya wa Douwe na warke."

"Ba ki warke ba. Ran da kika waiwaya a kan keke kika gan ni a bayanki, ni zan yi masa magana."

Sjoukje ta daina gaishe ta. Wietske, ke ce kika gwammace a yi fushi da ke a kan ki yi ƙarya. Ke ce kuma in kin tashi aiki kike ɗaukar mai fushin a motarki, ki kai ta wurin Auke, tana zumɓura baki har ku isa.

Da sanyi ya wuce, aka fita kan hanyar da ke bin bakin ruwa. Douwe ya buɗe keken ya tsaya gefe. Sjoukje a gaba, Wietske na biye a nata keken.

"Waiwayo ta hagu!"

Ta waiwayo, keken bai ko karkace ba.

"Me kika gani?"

"Wata tsohuwa tana haki!"

Douwe ya bar makullin a jikin keken, ya kama hanyar gida.

Mun gode, Wietske, mai hannu da taushi, mai magana ɗaya. Ku masu tasowa a aikin nan, ku koyi tausarta, amma ku fara koyon a'a ɗinta.

Ciwon kan yakan leƙo in Sjoukje ta daɗe a kan saƙa, sai ta tashi ta motsa wuya. Auke yana cin abincinsa. Douwe ya ɗaura wa keken madubi, uwar ta ce ba ta so, amma ba ta cire ba. Wietske kuma ta ce dankali za ta noma.