Ranar da Dabo Ya Tsaya a Bayana

Ni da Dabo unguwarmu ɗaya a Daura, rana ɗaya muka fara dako a kasuwar hatsi. Na fi shi ƙarfi, kowa ya sani. Buhun da zai yi ta nishi a ƙarƙashinsa, ni da gudu nake hawa katakon mota da shi. Amma shiga kasuwa ka ce kana neman Audi, sai an tambaye ka wane Audin.

Uban Dabo ma ɗan dako ne, a duƙe ya ƙare rayuwarsa. Dabo yana da shekara ashirin da biyar ya tsallaka Damagaram ci-rani, ya shekara uku yana lodi. A can wani tsohon malamin makaranta ya cika masa kunne da labarin leburorin Faransa na zamanin da, maƙera da kafintoci da suka ce ba mai ƙara hawa kansu, aka harbe wasu, aka kori wasu daga ƙasa. Ya dawo mana da surutu. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba!

Sai dillalai suka ɓullo da buhu mai hula: a cika buhu, a ɗinka masa wani rabin a ka, a ce buhu ɗaya ne. Ni na fara cewa zalunci ne, wallahi ni na fara, a rumfar mai shayi. Amma Dabo ne ya cire gammonsa ranar kasuwa ya jefar a gaban dillalai, sauran suka yi ta jefa nasu a kai. Mota tara ta yini ba lodi. Aka tsare shi kwana goma sha ɗaya, ya fito ba haƙora biyu, mata na guɗa, aka daina hular. Ni da na yi ta kai wa matarsa Sadiya gero, ko sannu ban samu ba. Raina ya yi baƙi ƙirin.

Shi ya sa da muka kafa ƙungiya na ce shugabancin nan nawa ne, ko sau ɗaya a kira sunana. Zaɓenmu ƙato-bayan-ƙato ne: ɗan takara ya tsaya, mai son sa ya tsaya a bayansa. Ni da Dabo muka tsaya da hantsi. Ban waiwaya ba, amma ina jin takun mutane duk yana yin wajen Dabo. Da na saci kallo, mutum huɗu ne a bayana, biyu surukaina ne. Layinsa kuwa ya kai rumfar masu barkono.

Kawai sai Dabo ya bar gurbinsa, ya ɗingiso ya tsaya a bayana.

Na ce, "Dabo, meye haka? Ba'a za ka yi mini?"

Ya ce, "Haba Audi. Ni kujera ba ta karɓe ni ba. Kai ka riƙe."

Layinsa gaba ɗaya ya kwaso ya biyo shi. Aka yi kabbara, aka ɗaga hannuna, ni kuwa kamar in nutse.

Shekara shida ke nan ina shugaba. Ciwon baya ya ci ƙarfin Dabo, ba ya iya ɗaukar ko tiya biyar, yana zaune kan benci yana ɗinkin buhu. Har yau in na ce a ɗaga kaya, sai sun juya sun dube shi tukuna.