Tarin Takalman da Na Taya

Shekara goma sha tara na yi ina sayar da takalman gwanjo a kasuwar Haɗejiya, kuma sana'ar ta ɓata mini ido. Ko ta'aziyya na je, kafin in dubi fuskar masu makoki na gama duba takalman da aka tuɓe a bakin tabarma. Na san wanda zai kai baɗi, na san wanda damina ɗaya za ta gama da shi.

Akwai wani malamin tarihi na sakandare, Kirista mutumin Filato, da yake zama a rumfata in an tashi makaranta. Ba ya sayen komai, sai dai ya cinye mini gyaɗa ya ja ni da musu. Ni kuwa ina son musun, har nakan duba hanya in ya yi latti. Wata Laraba ya buɗe kwamfutarsa yana shirya darasi, na leƙa ta kafaɗarsa, sai ga hoton takalma tuli guda a bayan gilashi, sun kusa taɓa rufi.

Na ce, "Malam, wannan sito a ina yake? Ai fata ce zalla. A ba ni dila biyu in wanke in goge, kafin sallah na karkaɗe hannu."

Har da dariyata. Shi bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, masu su duk kashe su aka yi."

Ya ce a lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatin Jamus ta shirya ƙarar da Yahudawa, ta kashe wajen miliyan shida. A jirgin ƙasa ake kwaso su, mata da yara da tsofaffi. A ce musu wanka za su yi, kowa ya tuɓe, ya ɗaure takalmansa biyu da igiya don kada su ɓace kafin ya fito. Ɗakin wankan kuwa iskar guba ake saki a ciki. Masu kyau daga cikin takalman a tura su Jamus wasu su sa. Waɗanda ke hoton ragowa ne, an adana su a ƙasar Folan don mutane su riƙa gani. Yana gamawa ya rufe kwamfutar ya tafi, gyaɗar da na zuba masa ma bai kwashe ba.

Bai sake zuwa ba.

Da farko haushi na ji. Ina zan sani? Aji huɗu na bar makaranta, kuma babu malamin da ya taɓa gaya mini wannan. Mutum ya nuna wa mai gwanjo takalma, me yake so ya ce? Haka na yi ta faɗa ni kaɗai a rumfa kamar wanda aka tsare da tambaya. Sai da wani abokin aikinsa ya zo sayen kambas ya gaya mini cewa a wani rikici da aka yi a garinsu Malam, da takalmi aka gane gawar ƙanensa.

Daga ranar zama ya gagare ni. Aikina na farko kullum da safe shi ne in zazzage dila, in haɗa kowane takalmi da ɗan'uwansa, in ɗaure su da igiya. Yanzu ina ɗaurewa sai hannuna ya tsaya. In zura yatsa ciki in ji ramin da babban yatsan wani ya bari, in rasa ko yana raye. In tashi in bar rumfa in nufi bakin kogi, in tsaya ina kallon masu fito, in dawo ban san abin da ya kai ni ba. Wani masunci daga Guri ya taya takalmin ruwa, na balbale shi da faɗa ba gaira ba dalili, bawan Allah ya tafi yana waiwaye. Sau uku ina zuwa ƙofar gidan Malam ina juyowa. Ni mutum ne mai taurin kai, ban iya ba da haƙuri ba, kuma ina kewarsa ƙwarai.

A na huɗu ya gan ni ta taga, babu halin gudu. Na ce, "Malam, na yi maganar banza. Ka yafe mini."

Ya ce, "Zan yafe, amma sai ka yi mini aiki. Ɗalibaina sun ga hoton nan, ko a jikinsu. Miliyan shida ta fi ƙarfin kansu. Kai ka san takalmi. Zo ka faɗa musu abin da ka gani."

Ranar Litinin na tsaya gaban yara sama da hamsin. Malam ya haska hoton a bango ya ƙara girmansa. Na ce musu wannan na mace ne mai son gayu, ga tsinin dunduniya. Wannan mai shi yana jan ƙafar hagu, dubi yadda gefe ɗaya ya cinye. Wancan na yaro ne da bai wuce shekara uku ba, kuma an saya masa da ɗan girma don ya daɗe yana sawa, yadda iyayenku suke yi a rumfata.

Can gefen hoton na hango wani baƙin takalmi na namiji, an yi masa sabon ƙasa, ɗinkin ko dattin kirki bai yi ba. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Baba, shi wannan fa?"

Na ce, "Daga wurin mai gyara mai shi ya karɓo shi, bai fi sati ba. Ya ɗauka akwai sauran tafiya a gabansa."

Malam ya jawo kujerarsa ya zaunar da ni.