Matakala Ashirin da Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan jiya, Allah ya karɓi ran malamar insha'i ta aji biyu na ƙaramar sakandarenmu, wadda yara ke kira Malama Ina-Hujja. Ta yanke jiki ta faɗi a matakalar bene, rungume da littattafan ɗalibanta. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ni ne shugaban makarantar, kuma akwai abin da ya zama dole in faɗa.

Malama, shekara tara muka yi tare. Ke ce kika ce ba a koyon rubutun shawo kan mutum sai yaro ya nemi abu na gaske a wurin mutum na gaske. Sai kika zaɓe ni, wai duk makarantar babu mai taurin kaina, kuma a gaban idona kika faɗa. Kowane zango yara su rubuto mini wasiƙa, da sharaɗin kada in yarda don tausayi. In hujja ba ta kai ba, in mayar musu su sake. Da haka suka sa na gyara famfon tsakar makaranta, bayan sun yi mako guda suna auna ruwan da ke ɗiga da bokiti. Ban manta da yarinyar nan mai in'ina ba, wadda kika riƙa zama da ita bayan an tashi, har ta gane alƙalaminta ba ya sarƙewa. Ita ce monitar ajin yanzu.

Wannan zangon kin bar su su zaɓi batu da kansu, kika ce ba za ki ko leƙa ba. Wasiƙu talatin da huɗu suka zo, duk magana ɗaya: a sauko da ajinsu ƙasa, domin malamarsu tana gajiya. Wallahi dariya na yi. Na ɗauka wayo ne, suna son kusa da filin wasa. Na ɗauki jan biro na rubuta musu cewa kowa yana gajiya, ina hujja?

Suka yi yadda kika koya musu. Suka ƙirga matakala, ashirin da biyu. Suka yi kwana goma suna rubuta sau nawa kike tsayawa ki dafe bango, da mintocin da kike yi a kujera kafin ki iya magana. Har amsar uzurina sun riga sun bayar: ga ɗakin ajiya a ƙasa, su da kansu za su share shi. Ranar Alhamis monita ta kawo sabuwar wasiƙar. Na ce ta ajiye a kan tebur, sai na samu sarari. Ban buɗe ba sai bayan jana'izarki.

Na san kwana in ya ƙare ba a ƙara masa, kuma ke ba ki taɓa faɗa wa kowa ciwonki ba. Amma yara 'yan shekara goma sha uku sun ga abin da na kasa gani, kuma sun faɗa mini a rubuce har sau biyu.

An sauko da ajin. Sai dai tun ranar da kika rasu babu wanda ya yarda ya rubuta ko layi ɗaya. Na shiga ina lallashi, monita ta miƙe, ba tare da ta sarƙe ko sau ɗaya ba ta ce, "Malam, mun kawo hujja. Me kuma ya rage?" Tsorona, Malama, kada aikinki na shekara tara ya mutu a kan teburina. Gobe zan tsaya gabansu in karanta wannan takarda, ita ce amsar da suke bina.

Allah ya jiƙanki da rahama, ya haskaka makwancinki, ya sa kowane mataki da kika taka ya zama lada a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'ya'yanki biyu, Allah ya ba su haƙurin rashi. Ku kuma 'yan aji biyu, hujjarku ta kai, ni ne ban karanta ba. Ku yafe mini, Allah ya yafe mana baki ɗaya.