Rezar Ɗankure Wanzami

Duk wanda aka haifa a unguwar masunta ta Argungu zamanin muna Jihar Sakkwato, da wuya in ba Ɗankure Wanzami ne ya fara taɓa kansa da ƙarfe ba. Gado ya yi. Zabirar ta ubansa ce, haka askar da ke ciki, wadda wasawa ta cinye har ta zama siririya kamar ganyen shinkafa. Gajere ne, ga surutun tsiya. Yana aski yana zuba, amma bai taɓa yankar kowa ba, kuma da wannan kaɗai yake taƙama a duniya.

To, shekarar da furfura ta gama cinye gemunsa, sai hannun dama ya fara yi masa rawa. In fura yake sha lafiya lau, amma da ya ɗauki aska sai babban yatsa ya shiga kaɗawa. Ko matarsa Laure bai gaya wa ba. Manya dai yana lallaɓawa ya aske su, ya rage surutu, ya riƙa tokare gwiwar hannu da cinya.

Ana nan sai aka yi haihuwa a gidan Sahabi masunci, amininsa tun ƙuruciya, wanda yake gyara wa gemu kowace Juma'a. Jika namiji, bayan an daɗe ana roƙon Allah. Kuma kowa ya sani, ranar suna wanzamin gida ne ke yi wa jariri askin fari. Ya turo wani a madadinsa? Ai wannan yanke zumunci ne. Da aka kawo masa goron albishir, ya karɓa ya ajiye gefe. Ba abin da yake gani sai maɗiga, wurin nan mai laushi a tsakar kan jariri da ke bugawa a hankali, da kuma yatsansa a kanta. Tsoro ya kama Ɗankure, tsoron da bai taɓa ji ba ko a cikin jirgi ranar ambaliya.

Ya hau akori-kura zuwa Birnin Kebbi, don a Argungu ko allura ka saya sai gari ya ji. Har suka wuce Ambursa hannunsa na cikin aljihu. A unguwar Nasarawa ya sami wani mai kayan gwanjo, Abdussamadu, ya baza tsofaffin kwaɗunan ƙofa da fitilu a kan buhu. A cikinsu akwai gidan reza na ƙarfe mai nauyi, irin na da: ka murɗa gindin, kan ya buɗe, ka sa reza ka rufe, wasu 'yan haƙora su tsare fata daga kaifin.

"Baba, ba zabira nika gani ga kafaɗarka ba?" in ji Abdussamadu. "Wanzam da sayen reza?"

"Ta maƙwabci ce," Ɗankure ya ce. Ƙarya da furfura, Allah ya yafe!

"To, ka ce ma maƙwabcin kada shi danna. Shi jiƙa gashi da sabulu, shi bar ta da nauyinta."

A gida ya kulle ɗaki ya gwada a kansa. Hannun da ya saba da aska ina zai ji magana? Ya danna, sai ga jini a bayan kunne. Ya zauna yana kallon jinin a yatsunsa. Ya sake gwadawa a hannu, a ƙwauri, har ya ƙarar da gashin jikinsa kaf. Laure ta ce wai ko wankan amare yake shiri, bai ko yi murmushi ba.

Ranar suna da hantsi, bayan an raɗa wa yaro suna an yanka rago, aka shigar da Ɗankure tsakar gida. Mata sun cika rumfa. Hure, matar Sahabi, ta zauna a tabarma ta rungume jikan. Abin mamaki, Sahabi ya baro maza a zaure ya zo ya tsaya a kan wanzamin, abin da bai taɓa yi ba.

Ɗankure ya jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi, ya murza sabulu. Maɗigar na bugawa a ƙarƙashin tafinsa. Ya sa hannu cikin zabira, ya taɓa ƙotar askar ubansa, yatsan ya fara kaɗawa. Ya sake ta, ya fiddo gidan reza.

"Lale!" in ji Hure. "Wanzam, mi nika gani? Abin askin 'yan makaranta?"

Mata suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Kunya kamar ƙasa ta tsage, amma bai ɗaga kai ba. Ya yi bisimilla, ya ɗora ƙarfen, ya bar shi da nauyinsa. Ya ja kaɗan, ya ɗauraye a ƙoƙo, ya sake ja. Da ya iso maɗiga yatsan ya kaɗa, ya ji kaɗawar har cikin haƙoransa. Ƙarfen ya wuce. Ya duba, ya sake dubawa. Babu ko ɗigon jini, yaron ma barcinsa yake yi.

Da ya fito, ya jingina da bangon zaure. Sahabi ya biyo shi, ya tsaya kusa, ya rage murya.

"Wanzam, tun damina nika jin askarka tana rawa bisa maƙogwarona."

Ɗankure ya zaro ido. "Ka sani? Kuma kana ba ni wuyanka?"

"Wuyan tsoho ne, mi za a rasa? Amma tun da aka haifi yaron ga ban ci abincin kirki ba. Da askar ka fiddo, wallahi da na riƙe hannunka gaban mata, mu rabu ke nan har kabari."

Daga ranar unguwa ta sa masa Ɗankure Mai Reza, har yara suna rera masa, kuma yana amsawa. Askar ubansa ta zauna a ƙasan zabira naɗe cikin tsumma. Juma'a na zagayowa Sahabi ya zo ya zauna a tabarma, ya ɗaga haɓa, ya rufe ido kamar kullum.